Da Kuɗina Na Saya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami in rubuta wannan ɗan bayani, wata kunya ce da na sha a gaban jama'a, wadda har yau in na tuna ta sai in ji fuskata ta yi nauyi. Na ga maimakon in yi ta ɓoyonta, gara in baje ta a fili, ko Allah ya sa wani ya tsinci abin amfani a ciki.

Wata rana da bazara, bayan mun kwana biyu babu ɗigon ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai aka wayi gari famfo ya kawo. Kowa ya fito da bokitinsa, masu jarka suka jera. Ina cikin layi sai na hangi wani ɗalibi a famfon gefe yana goge baki, ya saki ruwa yana ta zuba a kwata, shi kuwa yana ta dirzar haƙora yana kallon sama. Raina ya ɓaci. Na bar bokitina na je na murɗe famfon, na kuma yi masa wa'azi mai tsawo a kan almubazzaranci, da murya sama, don ina so waɗanda ke layi su ji. Bai ce mini kome ba sai, "Na gode, Malam."

Da yamma muka haɗu da shi wurin cin abinci. Na sayi shinkafa da miya, na ci rabi na ji ta ishe ni, na tashi na juye sauran a kwandon shara. Ashe yana kallona. Ya taso a hankali ya ce, "Malam mai wa'azi, tsakanin ni da kai yau wa ya fi zubar da ruwa?" Na ce wane irin ruwa kuma, ai shinkafa ce, kuma da kuɗina na saya. Ya yi murmushi, ya jawo takarda, domin ashe fannin aikin gona yake karantawa. Ya ce famfon nan kan cika jarka mai lita 20 cikin kamar minti uku, shi kuwa bai wuce minti ukun ba yana goge baki, saboda haka a rubuta masa jarka guda. Sa'an nan ya ce masana sun auna, a matsakaicin lissafi na duniya ana bukatar ruwa kimanin lita 2,500 kafin a sami kilo guda na shinkafa. Abin da na zubar, in aka mai da shi ɗanya, zai kai giram 100. Wato lita 250 ke nan, jarka goma sha biyu da rabi. Ya miƙo mini takardar, waɗanda ke kusa suka kwashe da dariya. Lalle laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ban yi fushi da lissafinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ta fito daga bakina ba tare da na yi tunani ba, watau, "Da kuɗina na saya." Da a ce shi ne ya gaya mini haka da safe a bakin famfo, ya ce ai ya biya kuɗin ɗaki har da na ruwa, da na ce ba shi da tarbiyya. To, me ya sa maganar da ba zan karɓa daga gare shi ba ta zama hujjata? Tambayar da nake so mu tattauna ke nan: shin mutum yana da ikon ɓarnatar da abin da ya saya da guminsa, matuƙar bai taɓa na kowa ba?

Kafin mu shiga gardama, ya kamata in ɗan yi bayanin wannan ruwa da ba a gani. Wani Baturen Ingila mai suna Tony Allan, malamin labarin ƙasa a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, inda aka daɗe ana koyar da Hausa ma, shi ya yaɗa wannan tunani a wajen 1993. Ya lura ƙasashen Gabas ta Tsakiya ba su da ruwan da zai noma musu abin da suke ci, amma ga shi ba su mutu da yunwa ba. Dalili kuwa shi ne suna sayen alkama daga waje, kuma kowane buhu yana zuwa ne ɗauke da ruwan da aka shayar da shi a wata ƙasa. Ya kira wannan ɓoyayyen ruwa. A 2008 aka ba shi babbar lambar yabo ta ruwa da ake bayarwa a birnin Stockholm. Bayansa wani ɗan ƙasar Holan, Arjen Hoekstra, ya shiga auna wa kowane abinci nasa rabon. A lissafinsu tumatir kilo guda yana shan kamar lita 200, shinkafa 2,500, naman shanu kuwa ya haura 15,000. Daɗin daɗawa, kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, gona yake tafiya. Abin da muke sha da wanda muke wanka da wanki da shi ɗan kaɗan ne in aka gwada da abin da muke ci. Ashe randa mafi girma a gida ita ce tukunya.

Amma kada mai karatu ya ɗauki waɗannan adadi kamar saukakku. Ni kaina na fara ruɗewa da su, har na kusa haramta wa kaina tsire. Daga baya na gane sun haɗa ruwa iri biyu wuri guda, ruwan sama da ke sauka a gona ko ana so ko ba a so, da ruwan da ake tarewa a kogi ko a zuƙo daga ƙasa. Saniyar Bafillace da ke kiwo a dajin da ba a nomawa, ciyawar damina take ci, ba ta hana kowa sha ba, don haka zalunci ne a ɗora mata lissafin saniyar da ake turkewa a Amurka ana ɗura mata masara. Haka gero, in aka bi kilo da kilo, adadinsa ya ma fi na shinkafa, don gona ba ta ba da shi da yawa, amma ruwan Allah yake sha daga shuka har girbi. Shinkafar rani da alkama da tumatir da albasa su ne ke shan ruwan da aka tare. Saboda haka in an ce abinci ya sha ruwa kaza, sai mu ƙara tambaya: ruwan wa?

A nan ne maganar ta zo mini gida. Ni mutumin ƙasar Bade ne, daga wani ɗan ƙauye a kusa da Gashuwa, a bakin kogin Yobe. Kogin nan namu ba a wurinmu yake farawa ba. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya gangaro ya tarar da na Jama'are a cikin fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan ruwan ya wuce ta Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa tafkin Chadi. Kakanninmu da ambaliyar wannan ruwa suke rayuwa. In ya cika ya malale fadama sai a yi su, a noma shinkafar fadama, in ya janye a shuka wake da sauran kayan rani a cikin laimar da ya bari, Fulani kuma su kawo shanu su ci ciyawa, rijiyoyi su cika. A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga waɗannan koguna kuma birnin Kano yake sha. Ba wanda zai yi musun alherin wannan aiki, musamman wanda ya ji labarin farin 1973, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa mutane suka yi ta ƙaura. Amma ambaliyar da ke isowa wurinmu ta ragu, yadda take zuwa ma ya canza. Wasu wurare sun bushe, wasu kuma ruwa ya kwanta musu rani da damina har kacala ta toshe hanyoyinsa. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna amfanin da ake samu daga ruwan in an bar shi ya malale fadama, kifi da noma da itace, suka gwada da amfaninsa in an tare shi a gonakin sama, suka tarar na fadama ya fi nesa ba kusa ba.

Kawuna masunci ne. Tun ina yaro nake jin yana lissafa mini sunayen kududdufan da ya yi su a cikinsu yana saurayi, waɗanda yanzu yara ke buga ƙwallo a kansu. Ga ni kuma yau a birni, ina cin shinkafar da mai yiwuwa a Kura aka noma ta, ina juye rabinta a shara. Ba na cewa kwanona ne ya busar da fadamar Kawu, wannan zai zama ƙarya. Farin shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason, yawan jama'a yana da nasa, masu tsara yadda za a saki ruwa suna da nasu. Tafkin Chadi ma da ake yawan kafa misali da shi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya kuma tsuke ƙwarai a shekarun 1980, mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, namu ɗan ƙari ne kurum. Abin da nake cewa shi ne, an tare ruwa daga hannun wani da hujjar cewa za a ciyar da ni. In na ci na ƙoshi, hujjar ta tsaya, ko da tana da ɗaci. In kuwa na zubar, to an hana Kawu ne a banza.

Yanzu sai mu koma kan "da kuɗina na saya". Me na saya? In ka duba da kyau, kuɗin da na ba mai abinci sun biya ta wahalarta da itacenta, sun biya ɗan kasuwa da mai mota da mai injin casa, sun biya manomi taki da iri da ƙwadago. Duk wanda hannunsa ya taɓa shinkafar ya sami wani abu. Wanda bai sami ko kwabo ba shi ne mutumin da ke can ƙasa, wanda ruwan bai iso gare shi ba. Ba a yi ciniki da shi ba, ba a ma san da shi ba. To, yaya zan ce na sayi abin da mai shi bai sayar ba? Tun 1776 Adam Smith ya yi mamakin yadda ruwa, wanda ba abin da ya fi shi amfani, ba ya sayen kome a kasuwa, alhali lu'ulu'u da ba a ci ba a sha yana sayen gari. Farashi ba ya faɗin darajar abu, yana dai faɗin yadda aka daidaita tsakanin waɗanda suka halarci ciniki.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa. A unguwar da wani ɗan'uwana yake zaune, wani mai hali ya gina gida ya haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, ya sa inji. Filinsa ne, kuɗinsa ne, ba wanda ya isa ya ce masa don me. Yana wanke motoci kullum, yana ban ruwan ciyawar ado, tanki in ya cika ya yi ta tsiyaya har kan titi. Wasu masu hali suka yi koyi da shi. Bayan 'yan shekaru rijiyoyin maƙwabta na guga suka fara ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, mata suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Katanga ta raba filaye a sama, amma a ƙarƙashin ƙasa ba katanga, ƙorama guda kowa ke sha. Shari'ar kotu ba za ta kama mutumin nan ba. Duk da haka ban taɓa gaya wa kowa wannan labari ya ce mai gidan ya kyauta ba. Wannan ya nuna mini cewa a zuciyarmu mun riga mun san mallaka iri biyu ce. Akwai abin da in ka mallaka ya zama naka ɗungum, kamar hularka, ka ga dama ka sa ka ga dama ka jefa a wuta, wauta ce amma ba zalunci ba. Akwai kuma abin da ba ka mallaka sai dai ka ɗebi rabonka, kamar iska da hanya da ruwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta ruwan da mutum ya ɗebo ya zuba a tulunsa da ruwan kogi, kuma ko na tulun ba su yarda a hana mai ƙishirwa abin da ya yi saura ba. Sayyidina Usmanu ma da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, sayenta ya yi don ya cire ta daga kasuwa, kowa ya ɗiba kyauta. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar cewa samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. Ba wani sabon abu ta faɗa ba wanda tsohuwar da ke ajiye randa a ƙofar gida don masu wucewa ba ta sani ba.

Na kai wannan magana gaban abokai a zauren shan shayi, kuma ba su bar ni na sha da daɗi ba. Wani mai karanta kimiyya ya ce ai ruwa ba ya ɓacewa, wanda ya zuba a kwata zai nutse a ƙasa ko ya tashi sama ya dawo da damina, don haka babu wani abu wai shi ɓarnar ruwa. Gaskiya ne duniya ba ta rasa ko ɗigo. Amma mai ƙishirwa ba duniya ba ne, mutum ne a wani wuri a wata rana. Ruwan da ya tashi daga gonar Kadawa a watan Maris ba a rubuta masa cewa a Gashuwa zai sauka ba, kuma akuyar da ta mutu da bazara damina ba ta tashe ta. Wanda ya zuba a kwata kuwa ya tashi daga mai tsabta ya koma mai cuta. Wannan hujja ba ta ɗauke mu lokaci ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta wani mai karanta siyasa. Ya ce duk wannan wa'azi dabara ce ta manya, a ɗora wa talaka laifi don a manta da masu laifin gaske. Bututun gwamnati na fashewa ya yi wata yana zuba ba wanda ya kula, magudanan noman rani sun tsattsage, tumatir na ruɓewa kwando kwando a bakin titi don babu wurin adanawa, sa'an nan a zo a ce wa ɗalibi ya cinye shinkafarsa. Ya ƙara da cewa matar da ke sayen jarka ba ta bukatar a koya mata tattali, tsada ta riga ta koya mata. A nan dole in sara masa, domin mafi yawan abin da ya faɗa haka yake. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya shiga cikin kowa, kuma a ƙasashe irin namu mafi yawan asarar tana faruwa ne tsakanin gona da kasuwa, ba a kan faranti ba. Wani rahoton Majalisar na 2006 ya nuna cewa a birane irin su Nairobi da Manila talakan da ba shi da famfo yakan biya ninki biyar zuwa goma na abin da mai famfo ke biya a kan ruwa daidai wa daida. Wanda ya tsaya gaban irin wannan talaka yana masa wa'azin tsimi, lalle ba shi da ta ido.

Sai dai mu da ke karanta wannan mujalla ba mu ne matar nan ba. Mu ne masu famfo, ko masu shirin zama masu famfo. Cikinmu ne za a sami injiniyan da zai kula da bututun nan, da daraktan da zai sa hannu a kan yawan ruwan da za a saki daga madatsa, da mai halin da zai haƙa burtsatse. Ina shakkar mutumin da ya yi shekara huɗu yana tsallake famfo mai yoyo a ɗakin kwanansa bai taɓa jin kome ba, a ce ranar da ya hau kujera zuciyarsa za ta fara zafi don bututu ya fashe a wata unguwa da bai taɓa shiga ba. Aristotal ya ce hali da maimaici ake gina shi, mu kuma muka ce hali zanen dutse. Batun cewa abin da mutum guda zai rage bai taka kara ya karya ba, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ba da amsa a 2018. Da fari ya kai madatsunsu gab da ƙafewa, aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, mutane suka koma tara ruwan wanka suna zubawa a bayan gida, har abin da birnin ke sha ya ragu da wajen rabi. An rage wa manoma nasu kason, ruwan sama kuma ya zo daga baya, amma ba a kai ga rufe famfunan ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Duk lokacin da nake wannan tunani, kakata nake gani. Ban taɓa ganin ruwa ya yi aiki guda a hannunta ya tafi ba. In ta wanke gero, ƙasarin na awaki ne. Ruwan ɗaurayar kwanuka shi za a jiƙa tukunya da shi. Na wanki, in ya yi baƙi, a yayyafa a tsakar gida a kwantar da ƙura kafin shara. Inda take alwala ta dasa zogale, don kada abin da ya zuba ya tafi haka nan, kuma butarta guda takan yi mata salla biyu. Takan ce Manzon Allah da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ɗaya ba, ita wace ce da za ta fi shi. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa ko a shanya, wanda ya fi ƙarfin ci a busar a ajiye, dusa ta dabbobi ce. Na taɓa ɗauka wannan duk talauci ne kawai, kuma wani zai ce abin da dole ta sa ba ya zama halin kirki. Amma an kawo ta birni jinya ta yi wata uku a gidan da ruwa ba ya yankewa, ba ta canza kome ba. In ta ji ƙarar famfo na zuba sai ta kasa zaune, ta dogara sanda ta je ta rufe. Na tambaye ta, na ce, "Iya, ai nan ruwan ba ya ƙarewa." Ta ce, "A nan ne ba ya ƙarewa." Ba ta taɓa jin sunan Tony Allan ba.

Saura hujja guda, ita ce kuwa ta fi shiga jikinmu, wato karamci. Bahaushe ya tsani rowa fiye da yadda ya tsani ɓarna. In baƙo ya cinye kwano tas, uwar gida takan ji kunya, don alama ce abincin bai isa ba. In ana biki a ce tukunya ta ƙare, abin gori ne har jikoki. Yaya za a yi mutum ya yi tattali ba a kira shi marowaci ba? Ni a ganina mun manta yadda tsarin yake ne tun asali. A da, ragowar baƙo ba ta zuwa juji. Akwai yara, akwai almajiri a ƙofa, akwai maƙwabta da ake aika wa, akwai kaji da tumaki. Yawan da ake dafawa yana da masu shi tun kafin a sauke, saura kuwa hanya ce ta ciyar da wanda ba a gayyata ba tare da an kunyata shi ba. Yanzu mun riƙe yawan mun yar da hanyar. Ana biki a babban zaure mai ƙofa da masu gadi, a zuba wa kowa faranti maƙil da shinkafa da nama da kabeji a cakuɗe, a ci loma biyar a tashi ɗaukar hoto, ma'aikata su tattara su juye a manyan leda. Almajirin yana waje, ba a bar shi ya shiga ba. Wannan ba za a kira shi karamci ba, domin karamci yana da wanda ake yi wa. Rowa ita ce ka hana wani, ɓarna kuma ita ce ka hana kowa har da kanka. Masu hikima na Girka da malamanmu duka sun sa kyauta a tsakanin waɗannan biyu, kuma ina ganin tattali da kyauta ba abokan gaba ba ne, don da ruwan ciki kan ja na rijiya. Wanda ya tsimi abin da yake ci shi ke da abin bayarwa.

Da hutun da ya wuce aka yi bikin ƙanwata a gida. Na zauna da mahaifiyata ana lissafin kayan abinci, na ji an ce buhu huɗu na shinkafa. Na ce, "Inna, biyu da rabi za su isa, in an zuba a manyan tire mutane suka ɗiba da kansu." Na fara yi mata bayanin lita da jarka. Ta dube ni ta ce, "Kai da bokonka. So kake a ce ɗiyata aka aurar mutane suka koma da yunwa?" Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce ita ta san mutanenta, na Nguru za su zo, na Jakusko za su zo, kuma ba wanda ke aiko da adadi. Muka yi ta ja har Kawu ya shigo ya raba mu a kan buhu uku, shi ma ba don ya yarda da lissafina ba, sai don kuɗin sun yi masa yawa.

Aka yi biki, abinci ya isa, har ya yi saura wajen rabin babbar tukunya. Na tsaya ina jira in ga abin da za a yi da shi, ina shirin cewa ai na faɗa. Kafin magariba Inna ta sa an cika kwanuka an bi gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba su sami zuwa ba, almajiran makarantar allo ta bayan gidanmu suka zo da robobinsu. Abin da ya rage a gindin tukunya aka kankare, da safe na ga an baza shi a kan tabarma a bisa rufin ɗaki, an sa wani yaro yana korar kaji. Ruwan da aka jiƙa tukwanen da shi kuwa, ƙanina ya ɗauka a bokiti ya kai wa tumaki.